Me Rubutun Likitan Ɗakin Gaggawa Yake Ƙara Wa Wanda Mota Ta Buge?

TAMBAYA

Ni sana'ata tuƙin Keke Napep a cikin garin Bauchi. Akwai ɗan maƙwabcina, likita ne a ɗakin gaggawa, inda ake kai waɗanda suka yi haɗari. Kusan kullum in muna hira a ƙofar gida bayan isha'i, sai ya miƙe ya ce zai je ya ƙarasa rubutun bincike a kan haɗurran hanya. Har na ji an ce da yawan irin wannan rubutu ake ƙara wa likita girma. Ni dai a sanina aikin likita shi ne ya tsayar da jini ya ɗinke rauni, haɗari kuwa ƙaddara ce. To me wannan rubutu yake ƙara wa wanda mota ta buge?

Daga wani mai karatu a Ƙofar Wambai, Bauchi.

AMSA

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a.

Abin da ka ji gaskiya ne. A asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan garinku, likitan da ke koyar da ɗalibai ba ya kai matsayin farfesa sai an duba binciken da ya wallafa a mujallun likitoci. Ba zan ɓoye maka ba, akwai rubutun da neman girma kawai ya haife shi, ana bugawa ƙura ta rufe shi. Amma akwai wanda ya sauya yadda ake ceton rai a duniya baki ɗaya, kuma shi nake so mu duba.

Likitan ɗakin gaggawa yana tsaye ne a inda duk ɓarnar titi take taruwa. Wanda tirela ta take a hanyar Jos, da wanda taya ta fashe masa a hanyar Ningi, da yaron da acaɓa ya kaɗe a bakin kasuwar Wunti, duk gabansa ake sauke su. In ya ɗinke ya sallama, ya taimaki mutum ɗaya. In kuwa ya rubuta: ƙarfe nawa abin ya faru, a ina, shekarun mutumin nawa, da hular kwano ko babu, wa ya kawo shi, awa nawa aka ɗauka a hanya, ya rayu ko ya cika, to bayan mutum dubu sai wata sura ta fito wadda ido ba ya gani a kan mutum ɗaya. Tushen binciken ke nan: ƙirga, sannan tambayar dalili. Da irin wannan ƙirga Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa. Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Bari in ba ka misalin da ya shafe ka kai tsaye. A 1998 wani likitan tiyata, Charles Mock, da abokan aikinsa sun kwatanta makomar waɗanda suka ji mummunan rauni a birane uku. A Siyatil ta Amurka 35 cikin 100 ne suka mutu, a Montere ta Meziko 55, a Kumasi ta ƙasar Gana kuwa 63. Kowa zai ce ai bambancin kayan aikin asibiti ne. Da aka tona sai aka ga a Kumasi 51 daga cikin 63 ɗin nan ko ƙofar asibiti ba su kai ba, a bakin titi ko a hanya rai ya yi halinsa. Sai aka tambaya: wa ke fara isa wurin haɗari? Amsa ita ce direbobin haya, don su ne ke kwasar mutane a tasi da bas. Nan aka tara direbobi 335 aka koya musu, cikin 'yan awoyi, yadda ake buɗe wa mutum hanyar numfashi, da danne jini, da tallafe karaya, da kayan da ke hannunsu. Da aka bibiye su bayan watanni, an samu da yawansu sun yi aiki da abin da suka koya a haɗurran gaske. Ka ga, Malam, binciken da aka fara a littafin asibiti ya ƙare a hannun irinku.

Misali na biyu magani ne. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka gano shi a 1962, ana kiransa tiranezamik asid, aikinsa hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa. Yana da araha, amma shekara da shekaru babu wanda ya tabbatar ko yana ceton wanda ya yi haɗari. Sai aka shirya gwaji mai suna CRASH-2 daga Landan, aka sa majinyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. Rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu wadda babu magani a ciki, kuma ko likitan da ke riƙe da sirinji bai san wacce ce wacce ba, don kada son rai ya shiga lissafi. Sakamakon ya fito a 2010: cikin waɗanda suka samu maganin 14.5 cikin 100 suka mutu, ɗaya ɓangaren kuwa 16. Bambancin kamar ƙanƙani, likita ɗaya ko zai shekara talatin yana aiki ba zai lura da shi ba. Amma a lissafin duniya rayuka dubbai ne duk shekara. Aka ƙara gano cewa in an yi allurar cikin awar farko ta fi amfani nesa ba kusa ba, in kuwa an wuce awa uku ba ta da fa'ida, tana ma iya cutarwa. Wato duk mintin da aka ɓata ana taruwa a kan mai rauni ana salati ana ɗaukar hoto a waya, daga cikin awa ukun nan ake cire shi.

Wannan ɓangaren jinya ke nan. Ɗaya ɓangaren shi ne hana raunin aukuwa tun farko. Hular kwano ma daga alƙalamin likita ta samu gindin zama. Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, ya ƙirga sojojin da ke mutuwa a kan babur, ya wallafa a 1941, aka wajabta wa soja hular. Da aka tattara binciken da ya biyo baya, an ga tana rage mutuwa da kusan 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan 69. Amma ka tuna abin da ya faru a Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ta: a Kano har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka. Zafi ya dame su, kuɗinta ya yi musu yawa, fasinja kuma yana ƙyamar hular da kan kowa ya shiga, wani ma tsoron asiri yake. Likitan Landan ba zai warware mana wannan ba. Sai ɗan gida, wanda ya san rawani da ɗankwali da ranar watan Afrilu a Bauchi. Haka batun ɗori: likitocin ƙashi na ƙasar nan ne suka yi ta rubuta yawan yaran da ake yanke wa hannu saboda an ɗaure karaya da tsananin matsi har jini ya daina zagayawa. Daga nan aka fara tunanin koyar da masu ɗori alamomin da in sun gani za su tura asibiti.

Irin waɗannan hujjoji na daga cikin abin da ke ba doka ƙarfi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Batun ƙaddara kuwa, babu mai ja da ita. Amma Bahaushe da kansa ya ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. In kwana guda a hanyar Gombe tana cin mutane duk shekara, sanin haka da gyara ta bai fita daga tawakkali ba.

To ga rabonka daga wannan rubutu. In ka tarar da haɗari, ka sa wani ya kira 122 ko 112. Ka danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Kada a zuba man birki ko ƙasa ko toka a rauni. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. In za a ɗaga shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya su tafi daidai da jiki, kada a naɗe shi a cusa a kujera. In ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe guda, jiki da kai tare, don kada amai ya shaƙe shi. Sannan a wuce kai tsaye babban asibiti.

Daren da ɗan maƙwabcinka ya sake miƙewa zai shiga rubutu, ka tsayar da shi ka tambaye shi: cikin waɗanda ake kawo muku, nawa ne ke zuwa a motar asibiti, nawa a Keke Napep? In amsar ta zo yadda nake zato, ka roƙe shi wata Asabar ya zo tasharku da bandeji da 'yan ƙyallaye, ka tara masa abokan sana'arka.