Kaurin Wayar Lantarki da Tukunyar Ɗumama Ruwan Wanka

Kowa ya san sanyin hunturu a ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe. Da watan Disamba ya kama, wankan asuba sai mai ƙarfin hali. Shi ya sa wasu magidanta ke sayen hita, watau na'urar ɗumama ruwa da lantarki.

Bara kawuna a nan Sanyinna ya cire tsohuwar hitarsa, ya sa sabuwa mai ɗumama ruwa nan take, amma ya bar tsohuwar waya. Ran nan ana cikin wanka sai muka ji ƙaurin roba, ga hayaƙi yana fita daga bango. Allah ya kiyaye, aka kashe wutar da sauri. Da mai gyara ya zo, sai ya ce, "Alhaji, ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi."

Waya kamar bututun ruwa take. In wuta ta fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi. Lissafin kuwa ba wuya. Ƙarfin lantarkin gidajen Nijeriya bolt 230 ne. A duba jikin na'ura, a ga wat nawa aka rubuta, a raba da 230, abin da ya fito shi ne amfiya, watau yawan wutar da za ta ja. Hita mai tanki ta wat 3,000 tana jan amfiya 13. Mai ɗumamawa nan take ta wat 8,500 kuwa tana jan kusan 37, kusan ninki uku ke nan.

Ana auna waya da faɗin bakin jan ƙarfen da ke cikinta, ba da kaurin robar ba. Mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce da fanka. Mai 2.5 ta soket ce. Mai 4 ana ja wa hita mai tanki. Mai 6 da mai 10 su ne na manyan kaya, kamar murhun lantarki da hitar nan take.

To, yaya ake gane su? Da farko a karanta jikin robar, domin kamfanonin kirki suna buga lambar a kai. In ta goge, mai gyara ya kashe wutar gidan duka, sa'an nan ya duba silin ƙarfen. Mai 1.5 da mai 2.5 galibi sili ɗaya ne, kaurinsa milimita 1.38 da 1.78. Mai 4 da mai 6 da mai 10 sili bakwai-bakwai ne, kaurin kowane sili milimita 0.85, da 1.04, da 1.35.

Akwai abu biyu da ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, ƙarfin da ake rubuta wa waya an auna shi ne a zafin digiri 30, alhali bazararmu takan wuce 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka gara a zaɓi wadda ta fi kauri. Na biyu, akwai jabu a kasuwa, farin ƙarfe ne aka shafe da ja. A kankare sili da wuƙa kafin a biya kuɗi, in ya yi fari a bar shi. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe, hita tana bukatar wayarta ita kaɗai tun daga akwatin fis, da wayar da ke kai wuta ƙasa, domin ruwa da lantarki ba su ga maciji. Mu ɗalibai namu karatu ne da tunatar da iyaye, aikin kuwa a bar wa gwani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.