Lissafin Sinadarai a Buhun Takin Zamani

Manoman fadamun Sabon Birni da Isa, a gaɓar kogunan Rima da Bunsuru, sun san takin yuriya sarai. A jikin buhunsa akan rubuta lamba 46. Wannan lamba amsa ce ta wata tambaya da ɗaliban ilimin sinadarai ke yawan cin karo da ita a aikin gida da jarrabawa: kashi nawa ne na naitirojin a cikin yuriya?

Mataki na farko shi ne rubuta alamar sinadarin, wato CO(NH₂)₂. Na biyu shi ne ƙirga ƙwayoyin zarra. A nan ne ɗalibai da dama kan yi tuntuɓe, domin lamba 2 da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakan. Saboda haka akwai kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidirojin 4.

Mataki na uku shi ne ninka kowanne da nauyin ƙwayarsa: kabon 12, oksijin 16, naitirojin 2 × 14 = 28, haidirojin 4 × 1 = 4. Jimla ta kama 60. Daga nan sai a raba 28 da 60, a ninka da 100, a sami kashi 46.7 cikin ɗari. Yuriyar kasuwa ba tsantsa ba ce, shi ya sa ake rubuta 46. Ɗalibin da ya manta lamba 2 ɗin nan zai sami jimlar 44, amsarsa ta faɗo kusan kashi 32, ya yi asarar maki.

Amfanin lissafin bai tsaya a aji ba. Buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na naitirojin, alhali buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 7.5 kawai yake da shi, ko da yake yana ɗauke da fosfaras da fotasiyam. Gonar shinkafar da ke buƙatar kilo 46 na naitirojin buhu 2 na yuriya ya ishe ta. Da kamfa kuwa sai an zuba fiye da buhu 6. Manomin da bai san wannan ba, ko dai ya yi ɓarnar kuɗi ko ya bar shukarsa da yunwa.

Jinga: A bi matakan nan a gano kason naitirojin a cikin (NH₄)₂SO₄, idan nauyin salfa 32 ne. Wanda ya sami kashi 21.2 ya gane darasin.