Ɗauko Fayil Daga Wata Kwamfuta Zuwa Wata Ba Tare Da Ya Yi Giɓi Ba

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da maganar kwamfuta? Wani abu ne da ya faru a ɗakin bincikenmu ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata ɗalibata tana nazarin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum. Tun a shekarar 2002 aka gama karanta littafin gadon wannan ƙwaya, wato DNA ɗinta. Haruffa ne kimanin miliyan 23, a cikin babi 14 da muke kira kuromosom, kuma kowa na iya sauke su kyauta daga intanet. Ɗalibar ta sauke fayil ɗin, ta shiga neman wata sadarar gado mai suna hrp3, ta neme ta sama da ƙasa ba ta gan ta ba. Ta zo ofishina tana murna, ta ce, "Malam, wannan ƙwayar ba ta da hrp3!" Murnarta tana da dalili. Akwai ƙwayoyin da suka rasa wannan sadara da 'yar'uwarta hrp2, kamar yadda aka nuna a ƙasar Peru a 2010, kuma irinsu kan ɓuya wa ɗan tsinken gwajin jini da ake amfani da shi a asibitoci. Sai dai da muka duba, fayil ɗinta a tsakiyar babi na 12 ya tsaya, ita kuwa hrp3 tana babi na 13. Ashe wuta ce ta ɗauke ana tsakar saukewa. Aikin mako biyu ya tafi a banza.

Abin lura a nan shi ne, guntun fayil ba ya faɗa maka shi guntu ne. Sunansa na nan, yana buɗewa, haruffa cike da allo.

To, yaya fayil ke tafiya? Kwamfutar da ke aikawa takan yanka shi ƙanana-ƙanana, ta sa wa kowane yanki lamba, mai karɓa kuma ta jera su bisa lambobin. Amma sai dukansu biyu sun yarda da ƙa'ida guda. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin ita ce FTP, wadda Abhay Bhushan ya fara tsarawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1971, aka sake mata fasali a 1985. Da ita masana halittu suka daɗe suna ɗibar bayanai daga GenBank, babban rumbun haruffan gado da aka kafa a Amurka a 1982. Aibinta shi ne a fili take aika kalmar sirri, tamkar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa manhajojin Chrome da Firefox suka daina aiki da ita a 2021.

Yawancinku kun saba da latsa hoto a allo. Akwai wata hanya, inda mutum ke buɗe baƙin allo ya rubuta wa kwamfuta umarni da kansa. Da farko takan ba da tsoro. Ni ma sai da na girma na koye ta, kuma ban ji daɗin makon farko ba. Amma ga mai zaune inda wuta da layin sadarwa ke yankewa babu sallama, ban san abin da ya fi ta ba.

Umarni na farko shi ne wget, wanda ya fito a 1996. Sai ka rubuta:

wget -c adireshin-fayil

Ɗan harafin nan -c shi ne gishirin miyar. Ma'anarsa, idan ka tarar da guntun fayil, ci gaba daga inda aka tsaya. Da ɗalibata ta sake ba da wannan umarni bayan wuta ta dawo, da abin da ya rage kawai za ta sauke, ta kuma tsira da kuɗin datarta.

Idan kuwa kai ne za ka aika fayil zuwa wata kwamfuta da kake da izinin shiga, sai ka nemi scp. Wannan yana bi ta cikin ƙa'idar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finlan a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a layin jami'arsu. SSH takan baɗɗa duk abin da ke wucewa, ta yadda mai laɓe ba zai fahimci komai ba. Misali:

scp maleriya.fa dalibi@kwamfutar-sashe:aiki/

Wato, ɗauki fayil mai suna maleriya.fa, ka kai shi kwamfutar sashe, ka shiga da sunan dalibi, ka ajiye a jakar aiki.

Wanda na fi so shi ne rsync, na Andrew Tridgell da Paul Mackerras, daga Ostareliya, 1996. Dabararsa tana da ban sha'awa. Kafin ya aika komai, sai ya gwada abin da ke nan da abin da ke can, ya tura bambancin kaɗai. A ce ka kwafi littafi mai shafi 500 da hannu, sai marubucin ya gyara shafi 3. Ba za ka sake kwafe littafin duka ba, shafuka ukun za ka nema. Idan ka haɗa masa da -P zai riƙa nuna maka inda aka kai, ya kuma adana guntun idan layi ya katse.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa. Ta yaya za ka tabbatar abin da ya iso shi ne abin da ya taso? Akwai lissafin da ke karanta fayil daga farko har ƙarshe, ya fitar masa da hatimi. Lissafin MD5, wanda Ronald Rivest ya tsara a 1991, yana ba da hatimi mai alamomi 32. In an canza ko da harafi ɗaya a cikin miliyoyi, hatimin zai sauya kama gaba ɗaya. Manyan rumbuna sukan ajiye hatimin kusa da fayil. Kai kuma sai ka rubuta md5sum da sunan naka fayil ɗin, ka gwada su biyun. Masana tsaro sun nuna cewa mugun mutum na iya yaudarar MD5 da gangan, shi ya sa suka fi son sha256sum mai alamomi 64. Amma don gano giɓin da tsautsayi ya jawo, MD5 ya wadatar.

Kada wani ya ce harafi ɗaya ai ba komai ba ne. Ciwon amosanin jini, wato sikila, da ya addabi gidaje da yawa a Nijeriya, daga harafi ɗaya ya samo asali. A sadarar da ke tsara sinadarin ja na jini, inda ya kamata a karanta GAG sai aka sami GTG. Ita ma ƙwayar halitta, a lokacin da take kwafar DNA ɗinta, tana da sinadarin da ke duba kowane harafi ya cire kuskure kafin ya wuce gaba.

Ga aikin da malamai za su iya gwadawa da ɗalibai, ko babu intanet. A kwamfuta mai Linux, ko a wayar Android da aka sa wa manhajar Termux, a rubuta:

echo GAG | md5sum

Sannan a sake, amma a sa GTG a madadin GAG. Kowane ɗalibi ya kwafi hatiman biyu a littafinsa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya ƙirga gurabe nawa ne daga cikin 32 suka zo daidai.