Yadda ake ƙawata wurin biki a Indiya lokacin sanyi

Wanda ya san bikin Indiya ta fim kaɗai zai ɗauka aikin mai ado bai wuce ya rataya furanni, ya kunna fitilu, ya koma gefe ba. Amma a arewacin Indiya, daga Delhi zuwa Jaipur har Panjab, yawancin aure tsakanin Nuwamba da Fabrairu ake yin sa, kuma a ƙarshen Disamba da Janairu sanyin dare a Delhi kan sauko zuwa digiri 5, wani lokaci ma ƙasa da haka. Sanyin nasu ya sha bamban da hunturunmu mai busar da leɓe da kawo faso. Nasu mai laima ne: rana na faɗuwa raɓa za ta fara sauka, can cikin dare hazo ya rufe ko'ina. Shi ya sa shawarar da ke farawa da "zaɓi launi" take ɓata mini rai. Za a zo kan launi. Kafin nan sai ka tabbatar mutanen da aka gayyata za su iya zama a wurin har a tashi.

Tambayar farko da za ka yi wa iyayen amarya ita ce: ƙarfe nawa za a zagaya wuta? A auren Hindu malamin addininsu, wato pandit, shi ke duba taurari ya tsayar da rana da sa'a, kuma sau da yawa sa'ar kan faɗo ne tsakar dare, ƙarfe ɗaya ko biyu ko uku. Daga wannan sa'ar za ka tsara komai, kana lissafi da baya. Idan Musulmi ne, ɗaurin aure da walima babu batun wuta. Idan mabiya Sikh ne, galibi da hantsi ake yi a wurin ibadarsu, don haka rabin wahalarka ta ragu. Ka kuma sani cewa 'yan Hindu da yawa a arewa ba sa aure daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, sai bikin Makar Sankranti ya wuce. Saboda haka ranakun da ake so kaɗan ne, kowa a kansu yake taruwa, masu tanti da masu fure kuma su tsuga kuɗi. Kama mai tantinka da wuri.

Sai ka je ka ga wurin da dare. Kada ka yarda a kai ka da azahar, lokacin da ciyawa ke sheƙi rana na dumama baya. Je ka tsaya ƙarfe goma sha ɗaya, ka shafa ciyawar da tafin hannu, ka ji ta ina iska ke shigowa. A wannan yanki iskar sanyi galibi daga arewa maso yamma take kaɗowa, amma gini da bishiyoyi kan karkatar da ita, don haka jikinka ne zai faɗa maka gefen da za a toshe.

Yanzu ga inda aikin yake, wato mandap, rumfar nan mai ginshiƙai huɗu da ake zaunar da ango da amarya a gaban wuta. A nan ne aka fi kashe kuɗin fure, a nan ne kuma aka fi cutar da amarya. Ka tuna ba a hawa mandap da takalmi. Amarya za ta zauna awa biyu ko uku da ƙafa tsirara, cikin lehenga, wato siket da 'yar rigar amare, mai nauyi amma hannuwa da ƙugu a buɗe, iyayenta na gefe, kakanni na kallo. Idan ka shimfiɗa kafet kai tsaye a kan ciyawa, kafin sa'ar ta yi ya sha raɓa ta sama, ya sha laima ta ƙasa. Don haka tsarin shimfiɗa shi ne: tamfol a ƙasa, dandamalin katako a kai wanda ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, sannan soso ko tsohon kafet mai kauri, sannan kyakkyawan da ido zai gani. Masu tanti kan so su tsallake soson saboda ba wanda zai gan shi. Tsaya a kansu. Ni nakan ce, "Bhaiya, cire takalminka ka tsaya a nan minti biyar," kuma ban taɓa buƙatar ƙara wata magana ba.

Rufin mandap shi ne mai wuyar sha'ani, domin abu biyu ne ke karo da juna. Kana son rufi ya tare raɓa, kuma dole hayaƙi ya samu hanyar fita, tunda za a yi ta zuba man shanu da itace da kayan ƙamshi a wutar. In ka rufe ruf, hayaƙin zai taru a ƙarƙashin yadin, idon amarya ya yi ja, kwalli ya zubo, pandit ya yi ta tari yana karatu. In ka bar shi a buɗe don kyan hoto, kamar yadda ake yayi yanzu, raɓa ta jiƙa kowa. Abin da ke aiki shi ne rufi hawa biyu: babban rufi mai rami a tsakiya daidai saman wuta, faɗinsa kamar ƙafa biyu, sai ƙaramar hula a samansa da aka ɗaga da tazara, yadda hayaƙi zai zame ta gefe raɓa kuma ba za ta shigo ba. Gefen da iska ke shigowa ka toshe shi da labule mai nauyi ko bangon fure, sauran ukun a bar su don 'yan kallo. Ka ɗaure gindin labulen da wani abu mai nauyi, kada iska ta kaɗa shi zuwa wuta.

Kaskon wutar kansa a ɗora shi a kan bulo da yashi cikin faranti na ƙarfe. Kuma ka bar fili. Ana ƙulle gefen mayafin amarya da na ango su zagaya wutar, siket ɗin amarya kuma yana da faɗi yana jan ƙasa. Mandap da ya gaza ƙafa 12 kowane gefe ni ba na karɓarsa, 14 ko 16 ya fi kwanciyar rai. Igiyoyin furen da ake saukowa da su daga rufi suna da kyau ƙwarai, amma a tsayar da su sama da kan mutum, kuma kada ko ɗaya ta rataya daidai saman wuta. Na ga wani mai ado ya cika tsakiyar rufi da furen roba don ya rage kuɗi. Zafi ya narkar da shi yana ɗiga a kan shimfiɗa, Allah ne ya kiyaye bai sauka a jikin kowa ba.

Daga mandap sai wurin zaman waɗanda za su kwana ido biyu. Manyan baƙi sun ci abinci sun tafi tun sha biyu, saura dangi na jiki, yawancinsu dattawa. Kujerun ƙarfe masu zanen zinariya ba su da amfani a wannan sa'a. Shimfiɗa katifu a kan dandamali, ka jera matasan jingina dogaye, ka ajiye barguna masu auduga irin na Jaipur da ake kira razai, masu zanen hannu. Suna da sauƙin nauyi, suna da ɗumi, kuma su kansu ado ne. A bakin shiga ka sa babban kwando cike da mayafan ulu a naɗe, launinsu ya dace da na wurin. Ba sai pashmina na gaske ba, wannan kuɗinsa ya fi ƙarfin rabo. Masu sauƙi da ake sarawa a kasuwar Sadar Bazaar ta Delhi sun isa. Ka sa yarinya ɗaya aikinta kawai ta bi tsofaffi tana cewa, "Dadi-ji, ga mayafi," domin da yawansu ba za su tashi su ɗauka da kansu ba.

Na'urar dumama wuri mai amfani da gas, doguwar nan mai hula, ɗuminta ba ya wuce taku uku ko huɗu. Jera su a bakin katanga don kada su ɓata hoto asarar gas ce. Kai su inda mutane ke zaune, ka lulluɓe gindinsu da tukwanen shuka in suna damun idonka. Tsakanin hularsu da yadin rufi a bar aƙalla mita ɗaya. Kaskon gawayi, wanda suke kira angithi, yana da daɗi a fili, mutane na son kewaye shi suna hira, amma kada ya shiga rufaffen tanti ko ɗakin da amarya ke shiri. Duk shekara hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a ɗakunan da aka rufe a arewacin Indiya.

Batun gobara ba na sassauta shi. A Disambar 1995, a garin Dabwali na jihar Haryana, tantin yadin roba ya kama da wuta ana tsakiyar taron makaranta a wani wurin biki, mutum fiye da 400 suka rasu, da yawansu yara, saboda hanyar fita ta yi ƙunci. Saboda haka ƙofa biyu aƙalla, kada a toshe ko ɗaya da bangon fure, tukwanen kashe gobara a inda ake ganinsu, haɗin wayoyin lantarki kuma a ɗaga su daga ciyawa a naɗe da kyau, tunda raɓa na bin waya. A Delhi ka tambayi masu wurin halin da ake ciki, domin idan iska ta gurɓace hukuma kan taƙaita janareto mai dizal da ƙona itace.

Fure kuwa, sayi na lokacinsa. Genda, furen nan mai ruwan lemo da ruwan ɗorawa da ake shirya shi igiya-igiya, shi ne sarkin sanyi: yana da araha, yana kwana biyu bai yi yaushi ba, ƙura da raɓa ba sa damunsa. Wasu amare na raina shi wai na kowa da kowa ne. Ni kuwa in aka ba ni shi da yawa, aka jera shi ƙiƙam daga sama har ƙasa da ganyen mangwaro a bakin ƙofa, ban ga abin da ya kai shi ba. Guldaudi ma lokacinsa ke nan, fari da ja da ruwan hoda. Rajnigandha na ba da ƙamshi da dare. Mogra, wato yasmin, furen zafi ne. Da sanyi yana wuya yana tsada, kuma in ba ka lura ba za a haɗa maka da tohon tagar mai kama da shi amma babu ƙamshi. Shinshina kafin ka biya. Wardi yana son sanyi amma ba ya son na'urar dumama, gefen ganyensa baƙi yake yi, don haka nesa da ita. A Delhi kasuwar fure ta Ghazipur ake zuwa tun kafin asuba. A Kolkata ta Mullick Ghat ce, ƙarƙashin gadar Howrah. Farashi a ranar da aure ya yi yawa yakan ninka, wani lokaci fiye, don haka a yi ciniki tun mako guda kafin ranar.

To, ga launi. Ranar haldi, da ake shafa wa ango da amarya kurkum, da hantsi ake yi a rana: rawaya ko'ina, genda, tabarmi, manyan tasoshin tagulla irin na Moradabad da ruwa da fure a ciki. Kada ka sa yadi mai tsada, kurkum ba ya fita. Ranar lalle, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ta fi son launuka masu ihu: kore, shuɗi, ruwan hoda, yadin bandhani na Rajasthan ko phulkari na Panjab, laimomi masu madubi, awarwaron gilas na Firozabad a rataye. Ka sa wa amarya na'urar dumama kusa, domin hannu da ƙafa a buɗe za ta zauna, lallen kuma ba ya saurin bushewa cikin sanyi. Daren aure shi ne na launuka masu nauyi, ja mai duhu, kore mai duhu, ruwan zinariya, da karammiski. Karammiski a ƙarƙashin rufi kaɗai, in ya sha raɓa nauyi yake yi ya saki. Fari zalla ka tambaya tukuna, domin a gidajen Hindu da yawa launin makoki ne, baƙi ma ana gudunsa. Kuma ka nemi ganin kayan amarya kafin ka yanke launin bayan mandap. Ja a kan ja yana haɗiye ta. Gezar zinariya da tuntaye kuwa Kinari Bazaar cikin Chandni Chowk a Delhi za ka je.

Fitila duk ta zama mai ruwan ɗorawa. Farin haske cikin hazo watsewa yake yi, wuri ya yi fari fat, fuskoki su koɗe. Ƙananan ƙwayaye a naɗe jikin bishiya, fitilun ƙarfe masu huda a rataye ƙasa-ƙasa, sai aci-bal-bal na yumɓu, wato diya, a bakin hanya cikin gilas don iska, nesa da inda siket ke wucewa. Rana na faɗuwa wajen biyar da rabi a Disamba, don haka a gwada fitilu daren jajibiri. Kasuwar Bhagirath Palace ta Delhi na da kowane iri, sai dai ka sa a kunna maka kowace igiya a gabanka.

Wurin shayi ka ɗauke shi a matsayin ado, ka kawo shi kusa da mandap. Ƙaton kaskon madara mai za'afaran tana tafasa, jalebi, soyen nan mai zaƙi, na fitowa daga mai, halawar karas na tururi, kofunan yumɓu a jere: nan mutane za su taru ko ka so ko ba ka so, gara ka ƙawata shi ka sa masa kujeru. Ka kuma shirya da mai shayin ya tsaya har ƙarshe, domin ƙarfe uku aka fi buƙatarsa.

Ƙarshen aiki shi ne vidaai, fitar amarya daga hannun iyayenta, wanda sau da yawa da asuba yake faɗowa, lokacin da hazo ya fi kauri. Hanyar daga mandap zuwa mota ta kasance da kafet busasshe da ka ajiye a naɗe sai lokacin, da fitilu a ƙasa gefe da gefe. Ma'aikatan tanti suna da wani bikin gobe, don haka tun ƙarfe biyu hannunsu ke ƙaiƙayin fara kwance kaya da kashe janareto. Rubuta a yarjejeniya cewa ba a taɓa ko igiya ɗaya sai motar amarya ta fita, mai lantarki ɗaya da mai canza tukunyar gas su kwana a wurin, kuma ka riƙe kaso na ƙarshe na kuɗinsu sai bayan nan.