Manomi da Maciji

Kowace sana'a da irin haɗarinta. Maƙeri yana kiyaye kansa daga wuta, mahauci daga ƙahon sa, mai haƙar rijiya daga zabtarewar ƙasa. Kai kuwa manomi, ko a Kankiya ka ke ko a Kusada, babban abin da za ka kiyaya shi ne wanda mutane ba su son ambaton sunansa da dare, sai su ce igiyar ƙasa. Karanta wannan darasi a hankali, sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba tukuna.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a duniya, ban da waɗanda su ke rasa ƙafa ko hannu ko ido. Yawancinsu manoma ne da makiyaya da 'ya'yansu. Saboda haka a shekarar 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su.

1. Macizai uku

Macizan ƙasarmu iri-iri ne, da yawa cikinsu ba su da dafin kisa. Amma uku ya wajaba ka sani.

Na fari kububuwa, wadda a ke yi wa laƙabi da gobe da nisa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu guda da rabi, launinta kuma ya saje da ƙasa. In ta fusata sai ta naɗe, tana goga jikinta da jikinta, ka ji kamar an ɗiga ruwa a kan tukunya mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yakan yini yana magana da mutane kamar ba kome, daga baya jini ya soma fita ta dasashi, ko cikin fitsari, ko ya zuba cikin kai inda ba mai gani. In ba a yi magani ba, cikin mutum goma ɗaya ko biyu sukan mutu. Ta fi yawa a ƙasar Gombe da kwarin Binuwai, amma akwai ta a ƙasar Hausa.

Na biyu kasa. Ita gajera ce mai kauri, ga nauyin jiki. Wani maciji in ya ji motsinka sai ya gudu, ita kuwa sai ta lafe a kan hanya har ka taka ta. Saranta yana kumbura ƙafa ƙwarai, har nama ya ruɓe.

Na uku gamsheƙa, mai fasa kai ya yi tofi. A shekarun 1970 likitoci sun yi bincike a ƙauyukan Malumfashi, kudu da mu, suka tarar shi ne ya fi addabar mutanen wurin. Yakan shiga gida da dare neman ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji, ya sari mai barci a kan tabarma. Wurin saran yakan zama gyambo mai wuyar warkewa, tofinsa kuma yana iya makantarwa.

2. Rigakafi ya fi magani

Ka lura, maciji ba ya farautar mutum. Yana sara ne in an taka shi ko an sa masa hannu. Lokacin da abin ya fi yawa shi ne farkon damina, sa'ad da a ke shuka da noman firi, da kuma kaka, sa'ad da a ke girbin gero da dawa, da roron wake, da cirar gyaɗa. Yawancin sara kuma a ƙafa ne, daga ƙauri zuwa ƙasa. Tun da ka san lokaci, ka san wuri, ga abin da za ka yi.

Ka sa takalmin roba mai dogon wuya in za ka shiga gona ko ciyawa. Gaskiya ne yana da zafi, yana da nauyi, amma kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da kuɗin jinya. Kafin ka sa shi da safe ka kife shi ka kakkaɓe.

Kada ka tura hannu ƙarƙashin dami, ko tarin kara, ko harawa, sai ka fara juya shi da sanda ko lauje. Haka kuma kada ka sa hannu cikin ramin gafiya ko suri. Ka gargaɗi yara a kan wannan, gama su ne masu haƙar ramuka.

Mai saran itace ya duba kogo da gindin kututture kafin ya ɗaga gatari, ya kuma buga ƙirare da sanda kafin ya ɗaura. Masunci da mai noman fadama su dubi inda su ke taka ƙafa a bakin ruwa, domin inda kwaɗi su ke, nan maciji ya ke kiwo.

In za ka fita da dare, ko zagayawa ne kawai, ka riƙe tocila. Ka nome ciyawa kewaye da ɗaki, ka nisanta rumbu da akurki daga inda a ke kwana, gama hatsi ke kiran ɓera, ɓera ke kiran maciji. Ka kwanta bisa gado cikin gidan sauro, ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Ka ga gidan sauro guda ya tsare ka daga abokan gaba biyu.

3. In ƙaddara ta auku

To, a ce kuna aikin gayya, maciji ya sari ɗan'uwanka. Ka janye shi daga wurin, ka kwantar masa da rai. Kada ku ɓata lokaci wajen bin macijin, sau da yawa garin haka a ke samun sara na biyu. Ka cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. Ka ɗora kara ko sanda a jikin ƙafar, ka naɗe da rawani sako-sako don kada ta motsa, kamar yadda maɗori ya ke yi. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa, balle gudu, domin motsi ke tura dafi cikin jiki. A ɗauke shi, a nemi mota ko babur, wani ya riƙe shi ta baya, a nufi asibiti nan take. In yana amai a kwantar da shi ta gefe.

Ga abubuwan da ba a yi. Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya: jini ya tsaya, ƙafa ta mutu, har a kai ga yanke ta. Kada a yi tsaga, gama jinin da kububuwa ta ɓata ba ya tsayawa. Kada a tsotsa da baki, kada a dogara ga baƙin dutse. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. In tofi ne a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada a murza, sa'an nan a tafi ga likita.

Watakila za ka ce, ai ka san wanda aka sara, mai magani ya ba shi saiwa ya warke. Ba ƙarya ka yi ba. Amma ga dalili: wani macijin ba shi da dafi, wani kuwa yakan sara bai zuba dafin ba. Irin waɗannan ko ba a ba su kome ba za su tashi. Wanda dafi ya shiga jininsa sosai, kwanan da ya yi a gida yana jiran saiwa ta yi aiki shi ke cin ransa.

4. Abin da a ke yi a asibiti

Likita zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a kwalba mai tsabta, busasshiya, ya ajiye minti 20. In jinin bai daskare ba, ya san dafi ya shiga. A nan Arewa aka tabbatar da wannan gwaji, cikin aikin Likita David Warrell da abokansa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970.

Sa'an nan a yi allurar kashe dafi. Wani Bafaranshe, Albert Calmette, shi ya fara yin irinta wajen 1895. Yadda a ke yi, a kan tatsi dafin maciji, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jininsa ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a tace maganin daga jinin. Don haka kowane magani da macizan da aka yi shi dominsu. Wanda aka yi don macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu, kada ka saya a kasuwa. Akwai mai suna EchiTAb wanda aka yi da dafin macizan Nijeriya, da shi aka ceci dubban manoma a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe.

Ba kowane asibiti ke ajiye wannan allura kullum ba. Tun kafin ruwa ya sauka, ku roƙi mai unguwa ya aika babban asibitin Kankiya a tambayo inda a ke samunta, ku kuma san mai motar da za ku tasa ko da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, ya ba mu damina mai albarka.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke kiran kububuwa gobe da nisa?
2. Ina dalilin nisanta rumbu daga ɗakin kwana?
3. Faɗi abu huɗu da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
4. Daga gonarka zuwa asibiti, wa zai ɗauke ka, kuma ta wace hanya?