Yadda za ku ƙawata 'yar motar roba

Tambaya: Na saya wa ɗana 'yar motar haɗawa ta Tamiya, ƙirar Mini Cooper. Yana so ya yi mata kalar tutar Najeriya. Ta ina za mu fara? Daga wani uba a Small Heath, Birmingham.

Amsa: Malam, kun yi dace, domin a Longbridge, nan Birmingham, aka fara ƙera Mini a 1959. Da farko ku wanke sassan da ruwan sabulu, ku goge gefensu da lallausar sanfefa. Ku gwada haɗa su kafin sa gam. Sai fentin share fage, sannan fari. Idan ya bushe sarai, ku rufe tsakiya da tef, ku fesa kore sama-sama, sau biyu ko uku. Fenti mai kauri zuba yake yi. Kada gam mai ƙarfi ya taɓa gilashi, zai sa ya dushe. Farin gam ya isa. Ku fesa inda iska ke shiga, ranar da babu laima. Kai za ka sayo fentin feshin, don dokar Ingila ta hana sayar da shi ga ɗan ƙasa da shekara 16. A Nuwamba ka kai ɗanka baje kolin Scale ModelWorld a Telford, ya ga aikin gwanaye.