Bayan An Sallamo Mutum Daga Asibiti

A zangon da ya wuce aka aika ni Kumagannam, cikin ƙasar Yusufari, in yi koyarwar gwaji. Na sauka gidan wani dattijo manomi, ina ce masa Baba. Ban yi mako ɗaya ba na lura da wani abu. Ga masallaci a ƙofar gidansa, amma in aka kira salla sai ya shige turaka ya yi tasa shi kaɗai. Majalisa ma ba ya zama. Ni kuwa baƙo ne, sai na ja bakina. Ran nan da dare shi da kansa ya ɗaga rigarsa, ya nuna mini robar fitsari da jakarta ɗaure a cinya.

Bari in yi wa mai karatu bayani tukuna. Ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu kamar goro, likitoci suna kiransa furostet, hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarsa ta bi. In mutum ya manyanta yakan kumbura. Galibi kumburin tsufa ne kawai, amma wani sa'i sankara ce, watau ciwon daji, kuma ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya. Abincinta shi ne sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina ke yi. A 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna in an yanke mata wannan abinci sai ta lafa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Aikin da aka yi wa Baba ke nan shekara 3 da suka wuce. Ciwon ya lafa, amma fitsari bai koma hanyarsa ba, shi ya sa aka bar masa roba.

To, mutumin da ciwo ya lafa masa, yaya zamansa? A Ingila masana na jami'o'in Oxford da Bristol sun bi wannan tambaya. Daga 1999 zuwa 2009 suka tara maza 1,643 waɗanda aka gano ciwonsu da wuri ta gwajin jini. Aka kasa su uku: waɗansu aka yi musu fiɗa, waɗansu aka gasa wurin da haske, waɗansu aka bar su ana sa musu ido. Bayan shekara 15, kimanin 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko a wane kashi suke. Ashe bambancin a zaman duniya yake. Wata 6 bayan fiɗa, mutum 46 cikin 100 suna sa ƙunzugu saboda yoyon fitsari, bayan shekara 6 kuma 17 ba su rabu da shi ba. Cikin waɗanda aka gasa kuwa 4 ne kaɗai. Wajen iyali ma, masu fiɗa su suka fi raunana.

Amma fa waɗannan da wuri aka gano nasu. Mutanenmu sai fitsari ya tsaya cik sa'an nan a ɗauko su zuwa Gashuwa ko Nguru, ciwon ya riga ya yi nisa. Kuma takardar tambayoyin Turawa ba ta san alwala ba. Na tambayi Baba abin da ya fi damunsa. Na zaci zai ce kuɗin mota na zuwa sauya roba kowane wata, ko zufar da ke karyo masa da tsakar dare, ko gonar geron da ya bar wa yara. Sai ya ce, "Malam, shekara 3 ban tsaya a sahu ba. Wa zai haɗa kafaɗa da mai zarni?"

Ni makarantar Mishan na yi, saboda haka da izinin Baba na tafi wurin liman na tambaya. Ya ce littattafan fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yanke wannan magana, sunanta salas. Wanda yoyo ya lazimta rabin lokaci ko fiye, yoyon ba ya karya masa alwala, sai dai ba a so ya ja masu lafiya salla. Ya yi shiru, kana ya ce shi kam ya ɗauka ciwon ƙafa ne ya tsare Baba a gida. Ba wanda ya gaya masa, shi kuma ya ji nauyin tambaya.

Kashegari liman ya zo zaure da kansa, suka daɗe su biyu. Baba ya fara da Asuba, lokacin da duhu bai washe ba, yana tsayawa can ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Har na taho bai koma majalisa ba tukuna. Da zan hau mota ya kira ni gefe, ya ce in na isa Gashuwa in tambayo masa kuɗin jaka biyu, ya riƙa sauya sabuwa ran Juma'a.